Rakiyar da Ta Hana Ni Fasa Tafiya

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara karanta labarai a wani gidan rediyo a Gusau ba, aka zaɓe ni in je kwas na wata guda a Alƙahira. Zan hau jirgi daga Sakkwato zuwa Abuja, daga can in hau wani. Ban taɓa shiga jirgi ba. Shugabana ya gaya mini a sarari cewa idan ba zan iya ba in faɗa da wuri, akwai mai jiran gurbin, kuma ba lallai a sake kirana ba.

Na ce zan iya. Daga ranar barci ya ƙaurace mini.

Matsalar mai karanta labarai ita ce ya san kalmomin. Na sha karanta labarin hatsarin jirgi cikin natsuwa, in kai aya, in wuce kan farashin hatsi a kasuwar Mada. To yanzu da na kwanta sai in ji muryata tana karanta nawa labarin, tsaf, ba tuntuɓen harshe. Na bar shan shayi, na koma madara mai ɗumi, na karɓo ƙwaya a kemis. Ƙwayar ta riƙa sa ni gyangyaɗi a wurin aiki, da dare kuma ido ya bushe. Matata ta ce in dage da addu'a. Ina yi, amma a tsakiyar addu'ar sai in tsinci kaina ina tunanin abin da ke riƙe ƙarfe a sama.

Da tafiyar ta matso, sai na yi abin da na ga maniyyata aikin hajji suna yi, wato zagayen neman yafiya. Na fara da kawuna, direban bas ne a Tsafe. Na same shi a tasha yana shan rake, na durƙusa na ce idan na taɓa saɓa masa ya yafe mini.

Ya dube ni ya ce, "Makka za ka ba mu sani ba?"

"A'a, Kawu, kwas ne."

"Kwas? To mi ya kawo neman yahiya cikin kwas? Ni kullum ina bisa hanyar Funtuwa da tayar da ta sha faci, ban taɓa durƙusa ma kowa ba!"

Ya yi dariya har ya kira sauran direbobi su zo su ga ɗan rediyo. Sannan ya ce ya yafe, duniya da lahira.

Washegari na tafi Bungudu, na bi gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya, na ƙare da mahaifiyata. Tana ɓarar gyaɗa ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Na yahe maka. Amma idanun nan naka ba na mai tahiya ba ne, na mai neman hanyar hita ne." Na musa. Ba ta ja maganar ba, sai ta tambayi ranar tashi.

Gaskiyarta. Na riga na tsara cewa da safiyar ranar zan buga wa shugabana waya in ce zazzaɓi ya kwantar da ni. Wato na zaga garuruwa biyu ina neman yafiya saboda tafiyar da ban yi niyyar yi ba.

Abin da na manta shi ne, a wajenmu duk wanda ya zaga neman yafiya ya sanar cewa tafiyarsa babba ce, kuma ba a barin irinsa ya tafi shi kaɗai. Sai an raka shi.

Ranar tafiyar, bayan sallar asuba, wayar tana hannuna ina gyara muryar marar lafiya, sai na ji hon a ƙofar gida. Kawu ne da bas ɗinsa, ya haƙura da lodin ranar gaba ɗaya.

"Hito, ɗan kwas! Innarka ta ce mu biya ta Bungudu, jama'a na jira."

Kafin in buɗe baki matata ta fito da jakata. A Bungudu motar ta cika: mahaifiyata, gwaggona, maƙwabta, har da wani dattijo da ya baro gonarsa ranar shuka. Wannan ta miƙo dambun nama, waccan ƙuli-ƙuli. Babu bakin da zan ce musu zazzaɓi nake yi.

Aka zaunar da ni tsakanin mahaifiyata da taga. Hira ta kaure a kan tsadar taki da wani biki da ke tafe, ba wanda ya ko ambaci jirgi. Ban san lokacin da muka wuce Maru ba. Farkawa kawai na yi na gan mu a Sakkwato, Kawu yana cewa, "Wanga shi ne ba ya barci? Minsharinai ya hi injin motata ƙara."

A bakin filin jirgin na ce su koma, hanya da nisa. Mahaifiyata ta gyara zama ta ce, "Sai mun ga ya tashi."

Haka na shiga. Ba zan ce tsoron ya tafi ba. Na damƙe hannun kujera har yatsuna suka yi tsami, na karanta duk abin da na haddace, wasu sau biyu. Amma na sauka Abuja, na hau na biyun, na yi kwas ɗina na dawo.

Har yau barcina ba ya cika idan zan hau jirgi, sai dai na daina faɗa da shi. Idan ya ƙi zuwa ba na tsananta wa kaina, na san zan rama a hanya. Abin da ba na yi kuma shi ne ɓoye ranar tafiya. Ina faɗa wa mutane, in roƙi wani ya kai ni, domin na gane cewa idan aka bar ni ni kaɗai da tsoro, zan samo dalili mai kyau na fasawa, kuma zan faɗe shi da Hausa mai tsafta.

Ban tabbatar ba ko ƙarfin hali ne ya shigar da ni jirgin nan ko kunyar mutanen da ke zaune a cikin bas. Na fi zargin kunya, kuma tun ranar ban ƙara raina ta ba.