Tarkon Kanti da Kwandon Inna Ige

Shekarar da manya ke ta zancen samun 'yancin kai, mu a gidanmu na Fakku zancen kaji ake yi. Ina 'yar ƙarama a lokacin. Kaji suka riƙa ɓacewa daga akurki, yau wannan, jibi waccan. Babana ya tafi kasuwar Tambuwal ya sayo tarkon kanti, na ƙarfe mai haƙora, yana ƙyalli yana warin mai. Ya ɗana shi a bakin akurki, ya sa kan busasshen kifi. Gari ya waye tarko na nan yadda aka bar shi, ba a taɓa kifi ba, kaza kuma ta tafi.

"Dabba ba ta barin kifi," in ji Baba. "Wanga aikin mai hannu na."

Akwai wani Bafulatani, Buba, da ke sauka da shanunsa a gonarmu duk bayan girbi, mu samu taki, su samu kara. Matarsa Hari takan kawo wa kakata, Inna Ige, nono, su zauna su yi ta hira kamar 'yan ɗaki ɗaya. Baba ya fara gajarta gaisuwa da Buba. Rannan ya tare Hari a tsakar gida, ya tambaye ta ko mijinta ya san hanyar bayan dangarmu. Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.

A lokacin sanyi, da an gama tuwo mukan taru a ɗakin Inna Ige. Ta hura wuta, ta binne mana gyaɗa a toka, hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai fita. Ran nan na lura ta ɗaga murya fiye da kullum. Baba na zaune a waje, zana kawai ke tsakaninsu.

"To, ga ta nan tafe, ku tarbe ta," ta ce.

Muka ce, "Ta iso mu ji."

Wai an yi wani tunku da uwarsa ta hore shi ya guji duk abin da bai san warinsa ba. Ya addabi kajin wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane. Wan ya je birni ya sayo tarkon ƙarfe. Tunku ya zo ya tsaya nesa, ya shinshina, ya zagaya. Inna Ige ta matse hanci tana muryarsa: "Kai ɗan wa na? Daga ina ka fito? Mi kaka nema garinmu?" Ƙarfe ya yi shiru. Tunku ya ce lallai wannan mugu ne, ya kewaye shi ya ɗauki kaza. Kullum haka, har ya riƙa yabon kansa a dawa.

Sai ƙanen ya ɗauko tsohon kwandon da ake kife 'yan tsaki, ya tokare shi da kara, ya ɗora dutse a kai, ya ɗaure ƙwai da zare a jikin karan. Tunku ya zo ya shinshina. Warin kaji, warin hayaƙi, warin gida. "Ai wanga na san shi tun ina ƙarami," ya ce. Ya shiga ko sallama babu. Rub!

Na ce, "Inna, ashe ba shi da wayo?"

"Yana da shi, ɗiyata. Ga baƙo yak kashe shi duka, bai rage ko kaɗan ba. Ta ƙare nan. Wanda bai yarda ba shi tambayi tunku."

Muka ji Baba ya yi gyaran murya ya tashi.

Washegari Inna Ige da kanta ta ɗana kwando kamar yadda ta faɗa. Ba a yi kwanaki da yawa ba ya faɗi, aka tarar da tunku a ciki yana huci. Aka bi sawunsa, sai ga rami a ƙarƙashin rumbunmu, cike da gashin kaji.

Baba ya ɗauki goro ya tafi ruga. Buba ya shimfiɗa masa tabarma, ya ce ba komai, Allah ya kiyaye gaba. Amma da lokacin girbi ya zagayo, wajen Kebbe suka sauka. Hari ba ta sake taka gidanmu ba. Har Inna Ige ta rasu, in mai nono ta shigo sai ta tambaye ta labarin Hari.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar na nufin mutum ya sa wa na gida ido fiye da baƙo. Sai da na girma, na ga ɗan'uwa ya daina cin tuwon ɗan'uwansa saboda zato, na gane zargin na gida ma ciwon Baba ne, wuri kawai ya sake. Ba na jin Inna Ige ta san wane ne ɓarawon a daren nan. Wataƙila ita ma tana da wanda take zargi. Amma ta riƙe sunan a bakinta, ta tokare kwando, ta jira. Baba ya furta nasa, kuma goro bai iya mayar da shi ba.