Eivind Skjerdal, Mutumin da Muka Zarga

Ranar Talata, 14 ga Janairu, Allah ya karɓi ran maƙwabcina Eivind Skjerdal, yana da shekara saba'in da ɗaya. Kafin a buga ƙararrawar majami'a, tuni an fara raɗa a kwarinmu: "Me ya kashe shi?"

Eivind, shekara arba'in muna farauta tare. Kai ka goyo ni daga tsauni ranar da na karye a ƙafa, kana tafe kana yi mini tsiya: "Asbjørn, rage cin dankali, ni ba doki ba ne." Kowane hunturu, kafin ka share ƙanƙarar ƙofarka sai ka share ta tsofaffin unguwa.

Kai ne kuma ka fara ganin wata barewa ramammiya, tana dalalar da miyau, tana zagaye wuri ɗaya, ba ta gudun mutum. Na ce mu binne ta mu yi shiru. Ka ce, "Haba ɗan'uwa, mu binne wa jikokinmu cuta?" Ka kai rahoto. Aka gano cutar ƙwaƙwalwa ce marar magani, hukuma ta sa aka harbe garken bareyin tsaunin duka.

Ba mu yafe maka ba. Wasu suka ce gishirin da kake ajiye wa tumakinka, wanda barewa ke lasa, shi ya yaɗa cutar. Da ka fara ramewa bara, aka ce ka ci naman. Likita ya ce sankara ce, ya ce ba a taɓa tabbatar da cutar barewa a jikin mutum ba. Muka gyaɗa kai kawai. Busasshen naman da ka aiko mini a Kirsimeti, ƙona shi na yi. Da ka tambaya, na ce ya yi daɗi. Ka daɗe kana kallona.

Bayan jana'iza, matarka Ragnhild ta dafa miyar nama. Mutane suka tsaya a kan burodi da kofi. Ni na ci, har na ƙara. Amma sai da na ja 'yarka Tordis gefe na tambaye ta daga ina naman yake. Ta ce, "Kawu, rago ne, daga kanti." Na kasa ɗaga ido.

Allah ya jiƙanka, ya ba ka hutun da muka hana ka. Ragnhild, Tordis, Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, da na zama da mu.