Kyaftin Shahhat, Mai Tarar Masu Faɗowa

Kowace safiya, bayan ya ci waken ful da gurasa a bakin layin tarago na unguwar Bakus a Iskandariyya, Kyaftin Shahhat Abdul-Maula yakan sauko matakala goma sha bakwai zuwa ɗakin atisayenmu, a ƙarƙashin wani tsohon bene. Da can da tsalle yake saukowa. Yanzu sai ya dafa bango, gwiwoyinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ya share filin kokawa, ya bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana ja don ya ji wadda ta saki, sannan ya zauna jiran masu koyo.

Ni ne mai buga ƙararrawa a wannan fili shekara ashirin da biyu, kuma na gaji. Na gaji da warin zufa da man zafi, na gaji da ganin waɗanda suka yi suna a kan gadon bayan Shahhat sun hau jirgi sun manta da Iskandariyya. Makonni uku ke nan da ya ajiye takalmansa, ko jarida ɗaya ba ta ambata ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Da faɗan keji ya fara, inda ake haɗa dambe da kokawa da shaƙe wuya. Ya yi goma sha tara, ya ci bakwai, kunnuwansa suka dunƙule kamar busasshen ɓaure. Da ƙashin wuyansa ya tsage, likita ya raba shi da keji, sai ya koma kokawar nishaɗi, wadda tun a ɗakin sa kaya aka san wanda zai ci. Shi kullum faɗuwa ake ba shi. Masu cewa ai wasa ne, su zo a ɗaga su a maka da ƙasa sau ɗaya tak, sai mu yi magana. A sana'ar nan, wanda ya diro daga kan igiya wuyansa ya ba ka amana, kuma shekara goma sha shida ba wanda ya karye a hannun Shahhat.

Kai ne ka koya wa rabin zakarun garin nan faɗuwa kafin su iya naushi, Kyaftin. Kai ne aka yi wa ihu a Tanta da Damanhur, ka dawo a motar haya da ƙanƙara a ƙeya.

Matarsa, Sitt Faukiyya, ba ta taɓa zuwa kallo ba. "Ni mutum na aura," in ji ta, "ba buhun albasa da za a riƙa jifa da shi ba."

Da ya ce zai bari, sai mai shirya wasannin, Mu'allim Sarwat, ya kira shi. "Kyaftin, wannan karon kai za ka ɗauki kambu. Don Allah kada sabo ya sa ka kwanta."

"To Mu'allim, sai an koya mini yadda ake ɗaga hannu," in ji Shahhat. Dariya ya yi, amma na ga kwaɗayin kambun a idonsa. Kwana huɗu yana lallashin Faukiyya ta zo ta gan shi a tsaye sau ɗaya a rayuwa. Ran Juma'a bayan la'asar sai ga ta a layin gaba, da sabon mayafi.

Ga yadda aka shirya. Ramzi, mai riƙe da kambun, wanda matarsa ba ta daɗe da haifar 'yan biyu ba, zai diro daga igiyar sama, Shahhat ya goce, Ramzi ya faɗi rubda ciki, Shahhat ya danne shi. To fankar zauren ta mutu, igiya ta jiƙe da zufa. Ƙafar Ramzi ta zame, ya taho da ka. Shahhat ya riga ya goce taki ɗaya, kambu kamar yana hannunsa. Sai ya dawo. Da wannan wuyan da likita ya ce kada a ƙara ɗora masa ko buhun gari, ya kai kafaɗa ya tare ƙaton. Ƙarar da na ji har yau tana kunnena.

Ramzi ya faɗo a kansa, bai san inda yake ba. Girgis alƙalin wasa dole ya ƙirga abin da jama'a ke gani. Ya ja ƙirgar iya ja, yana jiran Shahhat ya ɗaga kafaɗa, kafaɗa ta ƙi. Uku. Kambu ya zauna wa Ramzi. Ban taɓa jin nauyin ƙararrawa irin na ranar ba.

"Haba Kyaftin, har ranar sallama?" wani ya yi ihu daga baya. Aka yi ta dariya, ana jifa da ɓawon gyaɗa.

A al'adarmu, mai barin kokawa yakan cire takalmansa ya bar su a tsakiyar fili. Shahhat ya zauna da ƙyar, hannunsa na hagu ya ƙi motsi. Ramzi ya durƙusa yana kwance masa igiyar takalmi, yana kuka. "Baffa, me ya dawo da kai?"

"Rufe mini baki ka kwance. 'Yan biyun ne za su riƙa ɗaukarka?"

Faukiyya ta matso bakin igiya. "Shahhat, shekara goma sha shida abin da kake yi ke nan?"

"Shi ke nan, Hajiya."

"To da ka ce mini tarar 'ya'yan mutane kake yi, ai da na daɗe ina zuwa."

Mun gode, Kyaftin. Allah ya saka, ya sassauta maka ciwon nan. Ku kuma masu koyo da ke rige-rigen hawa igiyar sama, a samu ko mutum ɗaya cikinku da zai koyi tsayawa a ƙasa. Hannun Shahhat ba zai ƙara wuce kafaɗa ba, haka likita ya ce. Jiya na ga Ramzi a bakin teku, ɗa ɗaya a kowane hannu, yana tafiya da ƙafafunsa.