Kawu Birki da Waigi

Shekara talatin da ɗaya Kawu Birki ya yi yana jan tirela, kuma duk wanda ya zauna da shi minti biyar ya san mota ba ta taɓa gangarewa a hannunsa ba. Abin da ba ya faɗa shi ne, bai taɓa sa waigi da hannunsa ba. Nasa dai ya leƙo ta taga ya ce “Waigi!”, wani ya ruga baya ya cusa katakon ƙarƙashin taya.

Da ya ajiye aiki, matarsa mai kiwon kaji ta sayi ’yar tirela mai taya biyu, irin wadda ƙaramar mota ke ja, ta naɗa shi direban ƙwai.

Ranar farko suka loda kiret arba’in, ƙwan sati guda cur, suka nufi gidan burodi. Titin gangara ne, hancin motar yana kallon ƙasa. Kawu ya ja birkin hannu, ya leƙo.

“Waigi!”

Matar, wadda ke zaune gefensa, ta waiwaya hagu da dama.

“Da wa kake, Malam?”

“Da tsarin aiki.”

Ya sauka ya ɗauko katakon, ya zagaya tayar sau biyu kamar likita. Katako ɗaya, taya kuwa tana da gaba da baya. Daga kujerar direba ba a ganin wannan matsalar. Ya tuna dai a madubi kullum baya ake rugawa, don haka ya cusa shi a bayan tayar, ya kwance tirelar, ya matsar da mota gefe don kada ta tare ƙofa.

“Malam, anya nan ne?”

“Ke da kika san kaza, ina ruwanki da taya?”

Ya daki gefen tirelar don ya nuna ta kafu. Tirelar ta ɗauki wannan a matsayin izini.

Ba a taɓa ganin Kawu yana gudu ba sai ranar. Ya sha gabanta, ya kafa ƙafafu, ya tare ta da gadon baya. Kiret arba’in suka yi rawa, suka tsaya. Katakon kuwa yana can sama, yana riƙe da titi.

Mai burodi ya fito da gari a hannu.

“Sannu da aiki, Direba. Hutawa ake?”

“Maman yara,” in ji Kawu, haƙora a cije, “miƙo abin nan.”

“Wane abu? Ni kaza na sani.”

Takalminsa ya zame taku ɗaya. Kiret ɗin sama ya karkata. Ba don mijinta ba, sai don ƙwanta, ta ruga ta ɗauko katakon, ta tura shi gaban tayar da ƙafa.

Ƙwai uku suka fashe. Kawu ya miƙe a hankali, dafe da ƙugu, ya duba su da kyau, ya ce tun daga gida ya lura ɓawonsu ba ƙwari, a sake wa kajin abinci.