Mai Guga da Ƙwayar da Ya Sallama

Tun ina koyarwa Mai Guga yake goge mini kaya, kuma har na yi ritaya ban taɓa ganin karin wandona ya karkace ba. Shagonsa ɗan ɗaki ne a ƙarshen layinmu: tebur, dutsen guga, da kwalbar yayyafa ruwa mai hudajjen murfi. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya, wato bai taɓa ƙona tufar kowa ba.

Da hawan jini ya kama shi, aka ɗora shi a kan wata ƙaramar ƙwaya. Jinin ya sauka, sai dai ƙwayar tana busar masa da baki, tana kuma sa shi gyangyaɗi. Ran nan barci ya fizge shi a tsaye, dutsen ya bar tambari a kafaɗar farar rigata. Na ce ba komai. Shi kuwa ya daina shan maganin nan take, bai gaya wa kowa ba.

Ba a jima ba na je karɓar kaya, na tarar da shi zaune a ƙasa, gumi ya jiƙe shi.

"Hedimasta, kaina zai tsage," in ji shi. "Zuciyar kuma gudu take kamar an biyo ta."

"Ina maganinka?"

"Na sallame shi. Mai sa ni barci ba ya aiki a shagona."

Nan take na ɗauke shi sai asibiti. A can likita ta gwada jinin, ta sake gwadawa, ta ga ya hau sosai.

"Baba, a ƙwaƙwalwa ƙwayar nan take aiki," ta ce masa daga baya. "Akwai 'yan gurabe a can da take zama, sai su rage saƙon da ke matse jijiyoyin jini. In ka yanke ta kwatsam, saƙon ya dawo da ƙarfi fiye da dā. Jijiya tana iya fashewa."

An kwantar da shi, aka saukar da jinin a hankali, aka sauya masa magani. Ya koma bakin aiki. Rigar nan mai tambari tana rataye a bangon shagon, ya hana ni ɗauka. Ni kuwa har yau, in na hango ƙofarsa a rufe da hantsi, hankalina ba ya kwanciya sai na ƙwanƙwasa na ji muryarsa.