Ranar da Na Shafa Turaren Mata

Akwai rana ɗaya da ko tsufa ya cinye min hankali ba za ta fita daga kaina ba.

Ni majemi ne. Tun ina yaro nake majemar Damagaram, hannuna cikin ruwan toka da bagaruwa da kashin tantabara. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Warin fata ya shiga jikina har ba ya jin sabulu, hancina kuma ya daɗe da mutuwa, ba na jin wari, ba na jin ƙamshi. A fuskar mutane nake gane halin da nake ciki, in na zauna su matsa.

'Yata ɗaya ce. Duk taron da za a yi a lakwal ɗinsu uwarta ce ke zuwa, don na ji 'yan ajinsu na ce mata 'yar wari. Ban so in ƙara mata. To uwar ta rasu, kuma a shekarar yarinyar ta zo ta ɗaya aka ce iyaye su hallara a ba ta kyauta. Ta faɗa min tana kallon ƙasa. Ba ta ce in zo ba, ba ta ce kar in zo ba. Abin da na ji tsoro shi ne in je ta yi kamar ba ta san ni ba.

Na sayi turaren maza na fesawa, na gwada a majema. Abokan aikina suka kwashe da dariya, ɗaya ya ce, "Kai, yanzu ka zama bunsuru mai zuwa ɗaurin aure!"

Na koma kasuwa, wajen wata tsohuwa Babarbariya mai sayar da humra da turaren wuta. Na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Ɗan nan, na fesawa ruwa ne, rana na taɓa shi ya gudu ya bar ka. Na mai za ka sa." Ta miƙo wata 'yar kwalba mai hoton mace, irin ta da, wadda kuɗinta bai kai na kwanon tuwo biyu ba.

Na ce, "Iya, wannan ai na amare ne."

Ta ce, "Mijina shi ya shafa duk Juma'a har ya mutu, ba wanda ya taɓa ce masa Hajiya. Ka dirje jikinka da lemon tsami, ka shafa tun kana da damshi, gemu da wuya da wuyan hannu. Kaɗan fa, kar ka yi wanka da shi."

Na yi yadda ta ce. Ko ya yi aiki ko bai yi ba, ni ban sani ba. Na shiga lakwal na tsaya can baya gindin bishiyar dogon yaro, kusa da ƙofa, don in abin ya ɓaci in fice.

Aka kira ta. Ta karɓi littattafanta, ana tafi. Direkta, shugaban lakwal ɗin, ya tambaya ko akwai nata a wurin. Ta ɗaga kai tana dube-dube har ta hango ni. Sai ta ratso mutane, ta zo gabana, ta tsaya cik. Na ce shi ke nan, wari ya fito.

Ta ce a hankali, "Baba, turaren Inna ka sa?"

Na ce, "Shi take sawa?"

Ta ce, "Kullum."

Duk zamana da matar nan ban taɓa sanin ƙamshinta ba sai ranar, a bakin 'yarta. Yarinyar ta kama bakin rigata, ta ja ni har gaba, ta ce wa direkta, "Ga babana." Na zauna a kujera tsakanin manya. Ba wanda ya matsa.

Yau tana karatun likita, ni kuma kwalbar ba ta rabuwa da aljihuna, abokan da suka yi min dariya ma sun koma ara. Abin da na koya, turare ba ruwansa da mace ko namiji, wanda ya zauna a jikinka shi ne naka. Kuma uba in an kira iyaye, ya je. Ɓuyan da na yi a baya, ni kaɗai na ɗauka alheri ne.