Kwatance Kawai Sallau Ya Tambaya

Wata rana wani kafinta a Kaduna mai suna Sallau ya kulle shagonsa da hantsi, ya fita neman wani wuri da shi kansa bai san sunansa ba.

Shekara goma sha ɗaya yana shan giya. Ranar, kwanansa tara ke nan bai kurɓa ba.

Aiki ya gagare shi. Matarsa Dije ta kwashi yara ta koma gidansu a Zariya, ta ce in ya yi wata uku garau ya zo su yi magana.

A rediyo ya ji wani likita yana cewa akwai inda waɗanda suka daina sha ke haɗuwa duk mako, su faɗa wa juna gaskiya, wanda ya daɗe da dainawa ya tallafi sabon shiga. Kafin a faɗi wurin aka ɗauke wuta.

Kwatance kawai yake nema.

Ya fara da yayansa, Alhaji Mamuda. Alhaji ya tashi ya rufe ƙofar falo, ya rage murya, ya ce wato kunyar da ya ja musu a ɓoye ba ta isa ba, yanzu so yake ya je ya zauna cikin mashaya yana tallan sunan gidansu? Nasiha ta awa guda cur. Kwatance babu.

Mai kemis na layinsu ya ce bai taɓa ji ba, amma yana da wata ƙwaya mai kyau. Sallau bai kai bakin titi ba ya jiyo shi yana ba mai shayi labari.

Asibiti, layin awa biyu. Da ya isa gaban tebur ya sunkuya ya yi maganarsa ƙasa-ƙasa. Matar da ke teburin ta ɗaga murya ta tambayi abokiyar aikinta can ƙarshen ɗaki, wai ina ake tura masu shan giya?

Benci uku suka juyo.

Aka ce ya dawo Litinin, mai kula da ɓangaren ya tafi taro.

Ranar Laraba ce fa. Mutumin da ke ƙirga awa, an ce ya jira kwana biyar.

Wani abokinsa ya turo masa lambar da ya samo a intanet. Ya kira sau shida, a kashe.

Wajen la'asar Sallau na tsaye a rana, bai ci komai ba, kai na sara masa, ransa ya gama ɓaci. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa wahalar da shi wajen nuna masa inda ake sayarwa. Yau da yake neman inda ake dainawa, gari guda ya zama ba wanda ya san hanya.

Ƙafarsa ta kai shi inda ta saba.

Rumfar Maman Talatu, bayan gareji, inda ya fi sha. Ya zube kan benci ya ce a kawo ɗaya mai sanyi. Ta kawo, amma ba ta buɗe ba. Ta ce kwana biyu ba ta gan shi ba, ko ciwo ya yi? Sai ya zazzage mata komai, tun daga falon Alhaji har asibiti.

“Kin dai ga na nema, babu. Buɗe kawai.”

“Wa ya ce maka babu? Laraba da Asabar, ƙarfe biyar, ajin ƙarshe a firamaren bayan kasuwa. Baban Talatu can yake zuwa, shekara biyu ke nan. Tashi, yau Laraba.”

Ta mayar da kwalbar firij.

Mutum goma sha uku ya tarar a kan kujerun yara, gwiwoyi na gugar tebur. Direbobi, wani malamin makaranta mai ritaya, mata biyu, har da wani mai babbar riga da Sallau ya taɓa yi wa kujerun falo. Ba wanda ya yi masa faɗa. Da ya ce kwanansa tara, wani dattijo ya gyaɗa kai ya ce ya san wannan makon, shi har kuka ya yi a cikinsa. Ya rubuta masa lambarsa a bayan takarda, ya ce ya kira kafin ya sha, ba bayan ya sha ba.

A wata na biyu Sallau ya zame sau ɗaya. Ya kira dattijon, ya koma ƙirga daga ɗaya. Yanzu watansa bakwai, kuma shi ke zuwa da wuri ya share ajin.

Darasi:

Wanda ya zo ya ce maka yana son dainawa ya riga ya yi wa kansa faɗan da kake shirin yi masa, sau dubu. In ka san wurin, faɗa masa. In ba ka sani ba, ce ban sani ba, ka taya shi tambaya, sannan ka kama bakinka.

In akwai irin wannan zama a garinku, ku rubuta ranar da wurin a ƙasa. Ku tura wa wasu, don wani na karantawa yanzu da kwana tara a hannunsa.